Tsohuwar Wuƙar Aljihu Da Ke Gindin Akwati

 

A wannan fili namu mun saba da zancen girki da ɗinki da renon yara da tsabtar gida. Yau kuwa wani zance na kawo muku dabam, watau zancen tsohuwar wuƙar aljihu, irin wadda ake naɗewa, ruwanta ya shige cikin ƙotarta. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da wuƙar aljihu? Ai wannan kayan maza ne." To, uwargida, ki yi haƙuri ki amsa mini tambaya. In tsoho ya ajiye abu ya manta, wa ke tarar da shi ran da aka yi sharar ɗaki? In an yi rasuwa aka zo kwashe kaya, wa ke buɗe akwati da adaka, ta ce wannan a ajiye, wannan a ba yara su yi wasa, wannan a zubar? Ashe ba mu ba ne? Saboda haka ran tsohon abu a cikin gida a hannun mace yake. In ta san darajarsa, ya kai ga jikoki. In ba ta sani ba, ran nan mai sayen gwangwani ya tsaya ƙofar gida, a miƙa masa, a karɓi ɗan abin da bai kai kuɗin gishiri ba. Shi ke nan, tarihin gida ya tafi wurin narkarwa.

Kada ku ɗauka tara kaya don sha'awa wata baƙuwar al'ada ce ta Turawa. Ku shiga ɗakin wata tsohuwa ku dubi jerenta: ga tasa, ga langa, ga fanteka, ga kwanon sha mai fure, wata ma har da ƙwaryar da aka yi wa zane tun ta aurenta. Ba ta cin abinci a cikinsu, amma ta san wanda uwarta ta ba ta, ta san wanda aka kawo mata tsaraba daga Makka, kuma ko nawa za ki ba ta ba ta sayar miki. To, haka masu tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu suke a ƙasashe da yawa. Ni ma ina da guda bakwai a cikin wani ɗan akwatin katako. Uku a gida na same su, huɗu kuwa na saye su ɗaya bayan ɗaya a wurin masu baza tsofaffin ƙarafa a bakin kasuwa. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa abin da yaro ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya fi zauna masa a ka bisa ga wanda aka gaya masa da baki. Gani ya kori ji. Ni kuwa waɗannan 'yan wuƙaƙe sun koya mini labarin ƙasa da tarihi fiye da yadda kuke tsammani.

Asalinta

Dabarar naɗe wuƙa tsohuwa ce ƙwarai. An tono wata mai ƙotar ƙashi a wani wuri da ake kira Hallstatt a ƙasar Ostiriya, masana suka ce an yi ta wajen shekara 500 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Rumawan dā su ma suna da irinta. Amma waɗancan ba su da abin da ke riƙe ruwan in an buɗe, sai dai tsaurin ƙusa da babban yatsan mai riƙo. Sai a ƙarni na 17 maƙeran Turai suka shiga sa wani siririn ƙarfe mai tauri a bayan ƙota, watau sifirin, wanda ke danne gindin ruwan. Shi ne ke ba da wannan ƙara, ƙas, sa'ad da aka buɗe ko aka rufe.

Garuruwa uku suka fi suna a wannan sana'a: Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa. Na rubuta sunayen yadda za ku gan su a jikin ƙarfe, don kada ku ruɗe. Dukansu kuwa garuruwa ne masu ƙoramu da ruwa mai gudu, domin kafin zuwan injin tururi da lantarki, ƙarfin ruwa ne ke juya manyan duwatsun wasa wuƙa. Kamar yadda maƙeranmu ke da Sarkin Maƙera, haka maƙeran wuƙa na Sheffield suke da ƙungiya tasu, wadda majalisar Ingila ta tabbatar da ita da doka a shekarar 1624. Ita ce ke ba kowane maƙeri alamar da zai buga a kan aikinsa, don in wuƙa ta yi kyau a san wanda za a yaba, in ta ɓaci a san wanda za a zarga.

Zuwansu ƙasarmu da yawa kuwa ya biyo hanyar ciniki ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka yawaita, ana sayen gyaɗa da auduga da fatu, ana sayar da yadi da kwanoni da fitilu da wuƙaƙe. Daga kanti sai hannun 'yan koli, daga 'yan koli sai aljihun malami da manomi da fatake.

Yadda ake karanta wuƙa

Tsohuwar wuƙa kamar wasiƙa ce, sai dai a ƙarfe aka rubuta ta. Ki buɗe ruwan a hankali, ki fita da ita wurin haske, ki dubi gindinsa, daidai inda ya haɗu da ƙota. Nan ne maƙeri ke buga hatiminsa. In rubutun ya yi ƙanƙanta, ki ari tabarau na tsohuwa, ko ki shafa ɗan alli ki goge, haruffan za su fito fari. Ga kaɗan daga abin da za ki iya ganewa.

In kin ga sunan gari tare da sunan ƙasa, misali Sheffield da England, galibi bayan 1890 aka yi ta, domin a shekarar nan ce Amurka ta yi dokar cewa kayan da za a shigar mata sai an rubuta ƙasar da aka yi su. Ingila ma ta yi irin wannan doka tun 1887, ita ce asalin rubutun nan na Made in Germany. In kuwa kin ga W. Germany, to tsakanin 1949 da 1990 ke nan, zamanin da Jamus take rabe biyu, Gabas da Yamma.

In kin ga an rubuta Stainless, ko Rostfrei, ko Inox, duka ma'anarsu ɗaya, watau ƙarfen da ba ya tsatsa, da Ingilishi da Jamusanci da Faransanci. Wani mutumin Sheffield mai suna Harry Brearley ne ya gano irin wannan ƙarfe a 1913. Saboda haka duk wanda ya ce miki wuƙa mai wannan rubutu ta shekara ɗari biyu, ki yi murmushi ki riƙe kuɗinki.

Wani kamfani a Amurka, Case, ya ma sauƙaƙa wa mutane lissafi. A 1970 ya buga ɗigo goma a ƙarƙashin hatiminsa, kowace shekara kuma ya rage ɗaya. Mai ɗigo bakwai daga cikin wannan jeri, ta 1973 ce ke nan. Ƙannena 'yan makaranta, kun ga inda lissafin ɗebewa ya yi rana.

Wuƙar malam

Bari in gabatar muku da huɗu daga cikin nawa. Ta farko ta kakana ce na wajen uba, wanda malamin allo ne. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi tsawon yatsa ba, ƙotarta ta ƙashi, ta yi jawur don tsufa da shafar hannu. Ruwa biyu gare ta, babba da ƙarami. A gindinta an buga sunan Joseph Rodgers da alamar tauraro da gicciye, ɗaya daga cikin tsofaffin alamun Sheffield, wadda aka fara bayarwa tun 1682. Gidan Rodgers ɗin nan su ne suka ƙera wata ƙatuwar wuƙa mai ruwa 75 don babban nunin kayayyaki da aka yi a London a 1851. Waccan ta nuna gwaninta ce kawai, ba mai sa ta aljihu. Tamu kuwa ta aiki ce.

Irin wannan 'yar ƙarama har yau Ingilishi suna kiranta wuƙar alƙalami. Dalili kuwa, a dā da gashin fiffiken tsuntsu suke rubutu, kuma kullum sai an fiƙe bakinsa an tsaga. Daga wajen 1820 zuwa gaba masana'antun Birmingham suka shiga buga bakin alƙalami na ƙarfe da yawa, aka bar gashin tsuntsu, amma suna ya zauna. Ku dubi ikon Allah: sa'ad da aikinta na fari ya ƙare a ƙasar da aka yi ta, sai ta zo nan ta tarar da malamanmu suna fiƙe alƙalamin kara, ta ci gaba da aikin da aka ƙago ta dominsa.

Ƙaramin ruwan ta kakana ya cinye, ya siranta kamar tsinke. Mai neman riba zai ce wannan aibi ne, ya rage mata kuɗi. Ni kuwa shi ne abin da na fi so a jikinta. Kowane wasawa ɗaya, alƙalami nawa aka fiƙe? Kowane alƙalami, allo nawa ya rubuta? Yaro nawa suka koyi baƙi da farfaru da shi? Ba wani kanti a duniya da zai sayar mini da wannan cinyewa.

Wuƙar soja

Ta biyu mai nauyi ce, baƙar ƙota mai kaushi, da ruwa ɗaya da mabuɗin gwangwani, da zobe a gindi inda ake ɗaura igiya. A jikinta akwai 'yar alama kamar kan kibiya, da lamba 1943. Kan kibiyar nan shi ne hatimin kayan gwamnatin Ingila, lambar kuwa shekarar da aka ƙera ta. Ta yayan kakana ce, wanda ya je yaƙin Burma. Ƙannena, in malamin tarihi ya gaya muku cewa runduna ta 81 da ta 82 na sojan Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan Burma a 1944 da 1945, a kunnenku kamar tatsuniya ce. Amma cikin waɗannan dubban mutane akwai 'ya'yan ƙauyukanmu, waɗanda ba su taɓa ganin teku ba sai ran da aka sa su a jirgin ruwa. Waɗansu sun komo, waɗansu ba su komo ba. Wanda ya komo gidanmu bai bar hoto ba, bai bar takarda ba. Wannan wuƙa ita kaɗai ce shaidar da ta rage cewa ya je. Da an ba mai gwangwani ita fa?

Wuƙar kaka

Ta uku ita ce amsata ga mai cewa wuƙar aljihu kayan maza ce. Ta kakata ce ta wajen uwa. Okapi ce, mai ƙotar itace ja, da ado na wata da taurari na farin ƙarfe, da ɗan zobe a baya wanda sai an ja shi ruwan zai rufu. A Solingen aka fara yin irinta a 1902, musamman don a sayar a ƙasashen Afirka da Jamus ke mulka a lokacin, irin su Kamaru da Togo. Sunan kuwa na wata dabba ce ta kurmin Kwango, 'yar'uwar raƙumin dawa, wadda Turawa ba su daɗe da saninta ba a zamanin. A 1988 aka mai da aikin yinta Afirka ta Kudu. Saboda haka wadda ke ɗauke da sunan Jamus, kamar ta kakata, ta girmi wannan shekara.

A ƙullin zanenta take ajiye ta. Da ita take yanka kuɓewa a shanya, da ita take fere rake ta raba wa jikoki, da ita take kankare goro sa'ad da haƙora suka yi rauni. Wuƙar araha ce, ba ta sarakuna ba, an yi dubbai irinta. Amma cikin dubban nan guda ɗaya ce ta san hannun kakata.

Wuƙar Arewa

Ta huɗu na saye ta ne a hannun wani mai tsofaffin kaya da ya ce daga wajen Damagaram ya samo ta. Siririya ce, shafal, ƙotarta fallen ƙarfe ne kawai aka lanƙwasa. Gidan Cognet na garin Thiers ne suka fara yin irinta a 1929, suka sa mata suna Douk-Douk. Don tsibiran tekun Pasifik aka yi ta, har aka zana wani dodon mutanen can a ƙotarta. Ba ta yi kasuwa a can ba, sai aka juyo da ita Afirka ta Arewa da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka, nan kuwa ta karɓu ƙwarai. Da masu kamfanin suka lura Musulmi ba su son hoton dodo, sai suka fito da wata mai suna El Baraka, suka sa mata alamar nan ta Agadas wadda maƙeran Buzaye ke ƙerawa da azurfa. Irinta ce tawa. Kun ga ashe mai saye ma yana da iko: in ya ƙi abu, dole mai sayarwa ya sake shawara.

Akwai waɗansu biyu da za ku iya cin karo da su. Ɗaya ita ce Opinel ta Faransa, mai ƙotar itace zagayayya da alamar hannu mai kambi, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890. Zoben da ake murɗawa a wuyanta don kulle ruwa a 1955 aka ƙara shi. Ɗayar kuwa ita ce jar wuƙar nan ta Suwizalan mai almakashi da mabuɗi da sauran tarkace. Karl Elsener ne ya kafa maƙerarta a 1884. Da mahaifiyarsa Victoria ta rasu a 1909, sai ya sa wa aikinsa sunanta. A 1921 aka haɗa sunan da kalmar Inox, ya zama Victorinox. Iyaye mata, kun ji ɗa mai albarka: sunan uwarsa ya zagaya duniya a aljihun mutane.

Yadda za ki kula da ita

Mu mata an san mu da son ƙyalli. In muka ga ƙarfe ya yi duhu, hannunmu ƙaiƙayi yake sai mun ɗauko toka da yashi da soson ƙarfe. Wannan daidai ne ga tukunya, amma ga tsohuwar wuƙa ɓarna ce. Dirza da yashi yana cinye hatimin, in kuwa hatimi ya tafi, wasiƙar ta goge, ba mai sake karanta ta.

Ki rarrabe tsakanin abu biyu. Akwai duhu mai launin toka ko baƙi-baƙi da ke hawa tsohon ƙarfe a hankali, musamman in an yanka lemo ko albasa da shi. Wannan ba cuta ba ce, yana ma taimakawa wajen kare ƙarfen. Ki bar shi. Akwai kuma jar tsatsa mai gari, wadda ke cin ƙarfe tana huda shi. Ita ce abokiyar gaba. Ki ɗiga mata man keken ɗinki, ki bari ya kwana, sa'an nan ki goge da tsumma mai taushi. In ta ƙi fita, ki kankare a hankali da tsinken itace, ba da wani ƙarfe ba. In ruwan ya ƙi buɗuwa, kada ki sa ƙarfi ko ki ɓamɓare da wata wuƙa. Ɗigo biyu na man keke a mahaɗa, da haƙurin kwana biyu ko uku, sun isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada ki shafa mata man gyaɗa ko man ja don ajiya, domin in sun daɗe suna yin danƙo su kama ƙura. Kada ki jiƙa ta cikin ruwa, don ruwa na shiga ƙarƙashin ƙota inda tsumma ba ya kaiwa. Da damina kada ki bar ta cikin kube ko jakar fata, fata tana riƙe laima. Da hunturu kuwa ki nisanta ta da rana da murhu, gama bushewa tana tsaga ƙashi da ƙaho. Tsumman auduga busasshe da akwati mai murfi sun wadatar.

Akwai wata irin ƙota mai launi-launi da sheƙi, wadda aka yi da wata tsohuwar roba da ake kira seluloyid. Ita in ta tsufa takan fara ruɓewa, tana fid da wani tururi mai tsami wanda ke sa ƙarfe tsatsa, nata da na maƙwabtanta duka, kuma wuta na kama ta da sauri. In kin ga ƙota tana tsattsagewa, rabin ruwan da ke waje ko na ciki ya yi tsatsa ba dalili, ki ware ta ita kaɗai.

In za ki saya

Wadda sha'awa ta kama har tana so ta saya, ga shawarata. Ki buɗe ki rufe, ki saurari ƙarar sifirin. In ya ce ƙas, da ransa. Ki kama ruwan ta baya ki girgiza a hankali, in yana lilo, ƙusar ta saki. Ki duba ko launin ruwa da na sifirin sun yi tsufa ɗaya, domin akan cire ruwan wata a sa wa wata. Ki yi hattara da mai sheƙi kamar jiya aka yi ta alhali tana ɗauke da tsohon suna, gama jabu ya yi yawa. In an ce miki ƙotar hauren giwa ce, ki bar ta inda take, don tun 1989 ƙasashen duniya suka yanke shawarar hana cinikin haure tsakaninsu saboda giwaye suna ƙarewa.

Kada kuma ki taɓa kuɗin cefane don wannan. Kada ki yarda da mai cewa kowace tsohuwar wuƙa dukiya ce. Yawancin waɗanda ke gidajenmu an yi su da yawa ne don talakawa, kuɗinsu a kasuwa kaɗan ne. Darajarsu tana wurin wanda ya riƙe su da aikin da suka yi. Haka kuma kada son na waje ya sa mu raina namu. Wuƙar da maƙerin garinku ya ƙera, baduku ya ɗinka mata kube mai ado, ita ma ta cancanci wuri a akwatin, har ma ta fi bukatar mai ajiye ta, don ba ta da hatimin da zai faɗi sunan mai ita.

Gargaɗi

Abu uku ba zan rufe ba sai na faɗe su. Na ɗaya, kayan mamaci na magada ne, ko da allura ce. In kin tarar da wuƙa cikin kayan wanda ya rasu, kada ki ce ai ba mai so, ki ɗauke. Ki nuna wa masu hakki, ki roƙa ko ki saya. Abin da aka ajiye don tunawa da mutum bai kamata ya zama nauyi a wuyan mai ajiyewa ba.

Na biyu, tsohuwar wuƙa wuƙa ce har yanzu. Ki sa ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. In za ki rufe, ki janye yatsunki daga bakin ƙota. In za ki miƙa wa wani, ki miƙa ta a rufe. Ƙannena 'yan makaranta, ba a zuwa makaranta da ita, ko don nuna wa ƙawa. Mun san yadda waɗansu samari marasa jin magana suka ɓata sunan wuƙar aljihu a garuruwa. Laifin ba na ƙarfe ba ne, na tarbiyya ne, tarbiyya kuwa a ɗakunanmu take farawa.

Na uku, ga masu niyyar aikin Hajji ko wata tafiya ta jirgin sama. Tun 2001 aka tsananta bincike a filayen jirgi, galibi ba a barin wuƙa cikin jakar hannu. In maigida ko tsohuwa sun saba yawo da tasu, ki tuna musu su bar ta gida, don in aka karɓe a bakin ƙofa da wuya ta komo.

To, 'yan'uwana, ga ɗan aikin da nake roƙonku. A cikin makon nan ku nemi izini ku duba gindin akwatunan gida. In kun sami irin wannan wuƙa, ku ɗauki littafin rubutu ku sa abu biyar: ta wace ce ko ta wane ne, a ina ya same ta, wace shekara in an sani, me aka rubuta a gindinta, wane aiki ya yi da ita. Uwargidan da hannunta bai saba da alƙalami ba, ta sa 'yarta ta rubuta. Abin da ƙarfe bai faɗa ba, ku tambayi tsofaffi tun suna tare da mu, gama ƙarfe yana iya jiran shekara ɗari, amma mai ba da labari ba ya jira. Ku naɗe takardar tare da wuƙar. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wadda kuma ta ga wata alama da ta shige mata duhu, ta zana ta a takarda ta aiko wa wannan fili, mu duba tare.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari. Amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.